Kyanwar da Gwaggo ta ba ni kyauta, da asibitin da ya faɗa mini kuɗinta

Ɓera ne ya ja mini. Ni tela ce, a gida nake ɗinki a Hotoro, kuma ɗakin da nake ajiye kayan mutane yana jikin sito. Ana saura kwana tara bikin wata mai kawo mini ɗinki, na kwance leda na tarar an yi wa leshinta huji uku, ɗaya ma daidai inda gaban riga zai faɗo. Da kuɗin adashina na biya leshin nan, na yi kukana na share hawaye. Da labari ya kai wa Gwaggo a cikin birni, sai ta ce, "Ke ma dai, gida ba mage ai sai ɓera ya yi sarauta. Tawa ta haihu, turo yaro ya ɗaukar miki ɗaya. Kyauta, ko kwabo ba na so."

Kwabo kuwa ba ta karɓa ba. Wannan a ƙarshen shekarar 2023 ne, hunturu ya fara kaɗawa. Abin da zan rubuta a nan bayani ne kan asibitin dabbobin da na yi ta zarya tun daga lokacin, don mata da yawa suna tambayata ko ya cancanci a je. Asibiti ne mai zaman kansa a nan Kano. Ba zan kama sunansa ba, saboda akwai inda zan yaba, akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na so a ce turo ni aka yi ko kuma ɓatanci na zo yi.

A kwalin taliya babban ɗana ya kawo ta. Ba ta fi tafin hannuna ba, fara da ratsin toka, idanunta zagaye da baƙi kamar an rangaɗa mata kwalli, shi ya sa yara suka sa mata Kwalli tun kafin a sauke kwalin. Muka yi mata abin da kowa ya san ana yi wa mage: aka dama madarar gari a murfin roba, aka ɗan gutsura mata tuwo da miyar kuka. Kwana uku ta fara zawo, idanunta suka cika da kwantsa, ta lafe a bayan keken ɗinki tana rawar ɗari. Abban yara ya duba ta ya ce zazzaɓi ne, ya ɗauko farasitamol ya raba huɗu da wuƙa. Allah Ya taimaka a lokacin ina waya da ƙanwata, wadda ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma ta zauna ɗaki ɗaya da wata mai karatun likitancin dabbobi. Ina ce mata ga abin da ake shirin yi sai ta daka mini tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba: "Yaya, don Allah kar ku ba ta! Kashe ta za ku yi!" Ita ta kwatanta mini asibitin.

Shago biyu ne aka fasa bango aka haɗe. Gaba akwai kantoci cike da maganin kaji, buhunan dusa da abincin kaji, da gishirin lasa na shanu. Akwai benci biyu na jira, sai labule, bayansa teburin ƙarfe da ake ɗora dabba. Wari kam akwai shi, na magani da na fitsarin akuya, amma ƙasan a share yake kuma na ga ana goge teburin bayan kowace dabba. Yawancin masu zuwa masu gonar kaji ne da masu turken raguna, sai samari masu manyan karnukan nan na Turawa da ake riƙewa da sarƙa. Ni kaɗai ce mace, ga hijabi har ƙasa, ga kwalin taliya yana kuka. Wani dattijo da ya kawo rago mai tari ya leƙa kwalin, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, mage ma har da asibiti? Allah Ya ba mu lafiya." Aka yi dariya. Saura kaɗan na juya.

Aka yankar mini kati naira 2,000, na zauna kusan awa ɗaya da rabi kafin layi ya zo kaina. Likitan mutum ne mai matsakaicin shekaru, ba shi da yawan fara'a, amma hannunsa da taushi a kan dabba. Ya ɗora Kwalli a sikeli, ba ta kai rabin kilo ba. Ya buɗe bakinta ya nuna mini dasashinta fari fat, ya ce ƙuma ce ta shanye mata jini, ya shafa gashin bayanta baibai sai ga su suna gudu kamar an watsa riɗi. Cikinta da muke cewa ƙoshi ne, ashe tsutsa ce. Ya ce ba ta wuce sati biyar ba, kuma bai kamata a raba ɗan mage da uwarsa ba sai ya yi aƙalla sati takwas. Madarar da muka ba ta ita ta kawo zawon, domin cikin mage ba ya iya narkar da madarar shanu yadda muke zato. Da na ba shi labarin farasitamol sai ya ajiye biro. Ya ce hantar mage ba ta da abin da ke sarrafa wannan magani kamar ta mutum, ɗan gutsure ma yana lalata mata jini, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, kafin kwana biyu an rasa ta. Ya ce ya ga haka ya fi a ƙirga, kuma kullum mai kyakkyawar niyya ne ya bayar.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa har yau nake komawa wurinsa. Kafin ya taɓa sirinji, ya yago takarda ya rubuta mini duk abin da ke jirana a shekarar farko: maganin tsutsa duk sati biyu har ta yi wata uku, daga nan duk wata har ta yi wata shida, sannan duk wata uku, allurar rigakafi guda biyu ta cututtukan mage, tsakaninsu sati uku zuwa huɗu, allurar ciwon haukan kare idan ta cika wata uku, aikin cire mahaifa kafin ta fara neman muzuru, da kiyasin abinci. Gefen kowanne ya sa kuɗinsa. Sannan ya ce, "Hajiya, ga abin da ke gabanki. Mage mai kulawa takan yi shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, wata ma ta wuce. In kin ga ba za ki iya ba, ba abin kunya ba ne, ki mayar wa uwarta yau tun da sauran nono." Na kalli takardar, na kalli autana da ya biyo ni yana riƙe da kwalin da hannu biyu. Shekararsa shida a lokacin. Wato in Allah Ya raya su, sai ya gama sakandare Kwalli tana nan tana jiran abinci. Ban taɓa lissafa abin haka ba. Ni dai ɓera nake son a kora.

Ban mayar da ita ba. Ranar na bar naira 9,500 a kan maganin tsutsa, na ƙuma, na ido da na zawo, ban da katin.

Kan maganin ƙuma ya ja mini kunne sosai. Ya ce kar na kuskura na sayi wanda ake ɗiga wa karnuka, domin da yawansu akwai wani sinadari mai suna fametirin da kare yake ɗauka lafiya lau amma yake sa mage farfaɗiya har ta mutu. Haka fiya-fiyar da muke yayyafawa a ɗaki saboda sauro da kuɗin cizo: mage tana takawa, ta zo ta lashe ƙafarta. Albasa da tafarnuwa ma guba ne a gare ta, su ma jini suke ɓatawa. Na ce, "Likita, to ai duk miyar gidana da albasa." Ya ce shi ya sa ragowar tuwo da miya ba abincin mage ba ne. Mage mai cin nama ce zalla, ba kamar kare ba da zai rayu a kan ɗumame. Akwai wani abu da ake kira taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, a nama da kifi kawai take samunsa, in ta rasa shi a hankali ido ya mutu, zuciya ta raunana. Magen Gwaggo da ke rayuwa a kan ƙanzo, ai ɓera da ƙadangare take cikewa da su a soro.

A nan ne ƙorafina na farko yake. Yaron da ke tsaron kanti, ba likitan ba, ya dage sai na sayi abincin mage na ƙasar waje, irin su Whiskas da Royal Canin da suka jera a kanta. Ban ce abincin ba shi da kyau ba, Kwalli ta ci na gwaji har tana lashe leda. Amma wannan lokaci ne da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi matsayinta, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu har ta haura 1,500 a 2024. Duk abin da ya hau jirgi ya shigo ƙasar nan farashinsa ya ninka ya sake ninkawa. Ƙaramin buhu ɗaya ya fi kuɗin ɗinkin atamfa uku. Yaron nan ya yi ta magana kamar wanda bai sayi buhun ba bai san darajar dabba ba, a gaban mutane. Sai da na koma ciki na tambayi likita da kansa, shi ya ce in dafa mata kan kifi da kifin da ya farfashe wanda masu kifi ke sayarwa da rangwame, da wuyan kaza, da ƙwai dafaffe, hanta kaɗan sau ɗaya a sati, ba gishiri ba magi, kuma in zare ƙaya da ƙashin da aka dafa saboda yana tsagewa ya soke hanji. Ya ce in haɗa da ɗan busasshen abincin kanti idan hali ya yi, don akwai sinadaran da girkin gida ba ya cikewa. Da wannan dabara abincinta ya riƙa tsaya mini wajen naira 8,000 a wata a wancan lokacin. Da likita zai ja wa yaron nan kunne, da asibitin ya ƙara daraja a idona.

Yashin ba-haya kuwa ban taɓa saye ba. Suna sayar da na leda mai ƙamshi, ni kuma baho na samu na zuba yashin gini da aka tankaɗe, ina kwashewa kullum da safe, ina canjawa duk bayan kwana uku. Likita bai hana ba. Abin da ya ce kawai, mai ciki kar ta kwashe, saboda wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin mage wadda take iya taɓa jaririn da ke ciki. Ya ce ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, don haka kwashewa kullum da wanke hannu shi ne maganin abin, kuma naman da bai dahu ba ma yana kawo ta. Na tambaye shi maganar da muka taso muna ji, wai gashin mage in ya faɗa abinci yana sa tarin fuka. Ya ce tarin fuka ƙwayarsa daban, daga mutum zuwa mutum take bi ta iska. Abin da ke akwai shi ne wasu jikinsu ba ya son wani abu da ke cikin yawun mage da fatarta, sai su yi ta atishawa, mai asma kuma tana iya tasar masa.

Abin da gashin ya kawo mana shi ne makero. Wata guda da zuwanta, wani zagaye ya fito a bayan kunnen Kwalli, gashin wurin ya zube. Kafin sati biyu ga irinsa a wuyan autana, wanda yake kwana da ita a ɓoye. Kuɗin maganin mage 6,000, na yaro 3,500 a kemis bayan an duba shi, ga wankin zannuwan gado da ruwan zafi har sati huɗu. Abban yara ya ce, "Wannan kyautar Gwaggo dai ta fi leshin tsada." Ban tanka ba, don a lokacin ma bai ga komai ba.

Inda asibitin nan ya fi burge ni shi ne wajen allura. Ranar da za a yi mata ta farko, ba tare da na tambaya ba likita ya buɗe firij ya nuna mini ma'aunin sanyi da ke ciki. Ya ce allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta yi zafi ta mutu, sai a tsira wa dabba ruwa kawai a karɓi kuɗi. Firij ɗin da hasken rana yake aiki, na ga farantan a kan rufi. Duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu, da ya kan haura digiri 40, ya kuma san yadda wuta take zuwa da tafiya, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ɓare takardar jikin kwalbar ya manna a katin Kwalli, da lambarta da ranar lalacewarta, ya sa hannu. Alluran cututtukan mage guda biyun daga waje ake kawo su, naira 14,000 kowacce na biya. Ta haukan kare kuwa 4,000 ce. Ya ce akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa a Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin alluran dabbobi iri-iri har da ta haukan kare, amma galibin ƙarfinta a kan shanu da kaji da awaki yake, shi ya sa kayan mage sai an nemo daga waje.

Na so in tsallake ta haukan karen. Na ce ai mage ce, ba kare ba. Ya nuna mini wata takarda da ke manne a bango, ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Ya ce to amma mage mai fita waje tana haɗuwa da karen da ba a san lafiyarsa ba, kuma ita ce ke dawowa ta hau gadon yara. Ciwon in ya riga ya nuna alama a jikin mutum, sai dai addu'a. In dabbar da ba a yarda da ita ba ta ciji mutum ko ta yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti ranar, ba gobe ba. Allurar mutum kuma ba guda ɗaya ba ce, akan yi har biyar a cikin wata guda, kuma kowace ɗaya ta fi ta magen tsada nesa ba kusa ba. Ya ƙara da cewa ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon a duniya, kuma a wasu shekarun akan yi wa dabbobi allurar kyauta a asibitocin gwamnati, in riƙa sauraron rediyo. Mutumin da ke sayar da allura ya gaya maka inda za ka same ta kyauta, ai ka riƙe shi.

Laifin da ya biyo baya nawa ne, ba na asibiti ba. A watan Maris na 2024 likita ya ce lokacin aikin cire mahaifa ya yi, naira 30,000. Azumi ya kama, ga ɗinkin sallah ya taso, ga kuɗin makaranta. Kuma raina bai kwanta ba, ina ganin kamar shiga hurumin Ubangiji ne. Na tambayi malamarmu ta islamiyya, ta ce malamai sun yi saɓani a kai, akwai waɗanda suka hana, akwai waɗanda suka halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Sai ta tuna mini da hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ta ce in duba wanne ya fi kusa da wannan: aikin da za a yi da allurar barci, ko 'ya'yan da za a zuba a kwali a kai bola. Na ce zan yi tunani. Ina cikin tunani Kwalli ta fara wani irin kuka da dare kamar jariri, tana birgima a tsakar gida, muzurai uku suka kafa sansani a kan katangarmu. Ban san mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida ba, ko da yake yana cikin takardar da aka rubuta mini, ni ce ban karanta da kyau ba. Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne. Da damina ta zauna sosai, wata asuba na buɗe durowar da nake ajiye ƙyallayen ɗinki, sai ga 'ya'ya biyar a kan ragowar shadda.

Mage mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. 'Ya'yan kuma kowanne da nasa maganin tsutsa, na kashe 6,000 a kansu. Da na je asibiti na ɗauka likita zai yi mini gori. Bai yi ba. Ya ce kawai in kula, tana iya sake ɗaukar wani cikin tun kafin ta yaye waɗannan, mage takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Aikin da aka ce mini 30,000 a Maris, a Oktoba 45,000 na biya, don maganin barci da zaren ɗinki duk sun tashi. Aikin kansa ya yi kyau. An ce kar ta ci komai tun dare, na kai ta da safe, na ɗauko ta da la'asar tana layi kamar mai maye. Ɗinkin bai fi tsawon ɗan yatsa ba, kuma ni da nake sana'ar allura da zare na duba shi da idon sana'a, ban ga abin kushewa ba. Bayan kwana goma aka warware, ba a karɓi ko sisi ba.

Ƙorafina na biyu ya fi na farko nauyi. Wata Lahadi da daddare, kafin aikin, Kwalli ta shigo tana amai, yawu na dalala, ƙafafunta na rawa. Ashe maƙwabta sun zuba shinkafar ɓera a sitonsu, ita kuma ta kama ɓeran da ya ci. Asibitin ba ya buɗewa Lahadi, kuma lambar da ke jikin allon ƙofarsu ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba har sau bakwai. Maƙwabciyata ta kawo manja ta ce a ɗura mata, haka ake yi. Hannuna na rawa na kusa yarda. Sai wajen ƙarfe goma likita ya kira da wata lamba daban, ya ce wayar asibitin a shago take kwana. Ya hana ɗurar manjan, ya ce dabbar da ba ta cikin hayyacinta in aka ɗura mata abu yana iya bi ta huhu. Ya ce in nemo ledar maganin ɓeran, don guba iri-iri ce, wata jini take tsinkawa kuma maganinta bitamin K ne, wata kuma jijiya take taɓawa, kowacce da yadda ake tarar ta. Abban yara, wanda kullum yake cewa shi ba ruwansa da magen nan, shi ya buga ƙofar maƙwabta ya karɓo ledar, shi ya goya ni a babur da Kwalli a cikin zani. Likita ya zo ya buɗe shago da fitilar waya, ya yi mata allurai, ya sa mata ruwa, muka zauna har ɗaya saura. Naira 22,000 ya karɓa, kuma ban ga ya yi tsada ba. Amma asibitin da yake karɓar dabbobin mutane ya kamata lambar da ya rubuta a ƙofa ta zama mai ɗauka. Da bai ga kiran ta wata hanya ya biyo ba, da labarin ya sha bamban. Na gaya masa haka a fuskarsa, ya ce gaskiya ne. Watanni bayan nan na duba allon, lambar dai ita ce.

Sauran ƙananan abubuwa: ba sa ba da rasit sai ka tambaya, jira yana da tsawo musamman gab da babbar sallah da masu raguna ke cika wurin, kuma babu inda mai mage zai zauna nesa da karnuka, sai ka rungume kwandonka kare na huci a gefenka. In za ki je, ki je da sassafe ranar Talata ko Laraba, ki rufe kwandon da zani. Adaidaita biyu nake hawa, a wancan lokacin wajen 1,500 nake biya zuwa da dawowa, wani direban ma in ya ji kuka a kwando sai ya ƙara kuɗi.

Ina da littafin da nake rubuta awon mutane, a bayansa na riƙa rubuta na Kwalli. Da shekara ta zagayo na tara, ya haura naira 230,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato magen kyauta ta ci fiye da albashin wata uku. Da na yi aikin a Maris, da na rage kuɗin 'ya'ya da na ƙarin abinci da 15,000 ɗin da aikin ya ƙaru. Takardar da likita ya rubuta mini ranar farko ba ta yi nisa da gaskiya ba, abin da ya ɗora a kai duk ni na jawo, sai na guba. Ɓera kuwa, tun watanta huɗu ban sake ganin kashinsa a ɗakin ɗinki ba. Likita ya ce ba sai an bar mage da yunwa take kamu ba, wadda ta ƙoshi ma ta fi ƙarfin farauta, kuma warinta kaɗai yana rage musu sakewa.

Saura 'ya'ya biyar. Sai ga ni a matsayin Gwaggo, ina cewa mutane su zo su ɗauka kyauta. Bambancin kawai, na bari sun yi sati tara, kuma na kwafi takardar likita da hannuna, duk wanda ya zo sai na miƙa masa ya karanta kafin ya zaɓa. Mutum bakwai suka zo. Huɗu suna gama karantawa suka ce za su yi shawara da maigida, ban sake ganinsu ba. Uku suka ɗauka, ɗaya daga ciki na haɗu da ita a bencin asibitin bayan sati biyu, da nata kwalin. Biyu suka rage, duka muzurai, aka yi musu fiɗiya, wadda ta fi aikin mace sauƙi da araha. Yanzu mage uku nake ciyarwa, mai kifin bakin titi yana ganina yake fara tattara kawuna.

Kwanaki Gwaggo ta zo duba ni. Tana zaune a tabarma Kwalli ta zo ta haye cinyarta, ta yi ƙiba, gashi sai sheƙi. Gwaggo ta shafa ta ta ce, "Kai, 'yar nan, kin ga abin arziki da na ba ki." Na ce, "Wallahi Gwaggo na gani. Ga 'ya'yanta nan biyu, ki ɗauki ɗaya ki tafi da shi, kyauta, ko kwabo ba na so." Ta dubi muzuran, ta dubi kwanon kifin da ke gabansu, ta gyara mayafi ta ce, "A'a, ni ina zan iya da wannan ɗawainiya? Ga tawa ma can ta sake haihuwa, shida. Ko za ki turo yaro?"